Hancin 'Yar Gwaggo da Jiƙaƙƙen Cokali

Ana ta yaɗawa cewa likitoci sun zo sayen hancin 'yar gwaggona, wai tana jiyo warin lalatacciyar tsaba daga titi uku. Ƙarya ne, ni shaida. Daga titi biyu take ji, na ukun sai da iska.

Tela ce, kekenta na falo. Mahaifinta ciwon suga ya kama shi, likita ya ce ya riƙa karyawa da ots, hatsin nan da ake damawa da ruwan zafi. Cikinsa kuwa ba ya yafiya, abu kaɗan sai asibiti. Tun daga nan ta mayar da kantar kicin kamar kantin magani. Kwalaben ots huɗu masu murfin roba, nesa da murhu, nesa da bangon da ke tsatsafo. Kowace da kwanan wata a jiki, da allin ɗinki. Ba ta zuba sabo a kan tsoho. Kullum da safe sai ta buɗe, ta shinshina, ta girgiza. In ta ji warin tsohon mai, ko ya cure, ko ta ga yana da ƙwari, ya tafi bola. Ko lauya ba ya ceton shi.

Sati biyu da suka wuce na sauka gidan. Yunwa ta kai ni kicin, na wanke cokali, na tsoma shi a kwalba da ruwansa, na rufe abina. Wa zai sani?

Jiya na koma, na tarar da kwalbar a tebur, 'yar gwaggo a tsaye. Ta karkata min ita. Wani dunƙule a gefe ya yi furfura, da ɗigon kore.

"Wannan aikinka ne," ta ce. "Duk gidan nan kai kaɗai ke wanke cokali ba ka goge ba."

Na ce, "Haba, sarauniyar hanci! A kwashe na saman mana, sauran ai wuta za ta kashe komai. Tsoho ma ba zai gane ba."

Ta juye kwalbar kaf a leda, ta ƙulle, ta miƙo min.

"Riƙe, ɗan kawu. Ka dama ka sha. In ka kai jibi da ƙafafunka, ka zo in ba ka haƙuri. Uba ɗaya gare ni, 'yan kawu kuwa har sun yi min yawa."