Yaya Garba da Shaidun Damina

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan watan, da aka kai Yaya Garba makwancinsa a Makarfi. Duk shekara in lokacin ya zagayo nakan shige ɗaki in yi masa addu'a in yi shiru. Bana na kasa shirun. Murna ce ta cika ni, har ina jin kamar in tare kowa a hanya in ba shi labari. Saboda haka, masu karatu, ku yi mini uzuri in kun ga alƙalamina yana rawa a inda aka saba zubar da hawaye.

Wana ne, uwa ɗaya uba ɗaya, ya ba ni shekara tara. Manomi ne: masara da dawa a tudu, rake a wata fadama ta wajen Kudan. Kullum da safe kafin ya tafi gona yakan karantar da magidanta littattafan fiƙihu a zaurenmu. Ni kuwa boko aka sa ni, shi ne ma ya tsaya kai da fata har na gama, na zama malamar kimiyya a makarantar 'yammata a Ikara, a can na yi ritaya. Mutanen gari Garba Gardama suke ce masa a bayan idonsa, ya kuma sani, yana ma jin daɗin sunan. Ba mafaɗaci ba ne. Shi dai ba ka kawo masa magana ka wuce sai ya tambaye ka wa ya faɗa, shi kuma wanda ya faɗa ɗin a ina ya samo.

Rikicinmu ya soma ne wata shekara da na zo hutu gida na tarar shuka ta mutu sau biyu. An yi ruwa, an shuka, sama ta ɗauke ƙafa. Muna zaune a tsakar gida yana shan fura, sai na ce ai wannan shi ne sauyin yanayin da ake faɗa, hayaƙin da mutane ke turawa sama ne yake ɗumama duniya, kuma masana kimiyya kusan bakinsu ɗaya a kan haka. Ya ajiye ludayi a hankali, idanunsa suka yi haske kamar an yi masa albishir.

"Ke Ladi, bakinsu ɗaya? Wato ijma'i suka yi?"

"Kusan haka ne, Yaya."

"To, madalla. Mu a karatunmu, kafin a karɓi ijma'i sai an san su wane ne suka taru. Waɗannan naki na ji an ce ko Allah ba su yarda da shi ba. Wanda bai gane Mai ruwan ba, shi zai gaya mini halin ruwan?"

Na yi ta kame-kame, shi kuma yana kawo mini labarin farin da kakanninmu suka gani tun kafin mota ta shigo ƙasar nan. Da na rasa ta cewa sai na yi fushi, na ce masa karatun zaure ba ya auna zafi. Maganar ta soke shi. Sallar layya ta wannan shekarar daga gaisuwa ba abin da ya haɗa mu, abin da bai taɓa faruwa ba tun tasowarmu.

Da a ce tsakaninmu kawai abin ya tsaya, da da sauƙi. Amma a lokacin malaman gona sun kawo irin masara mai saurin nuna, wanda ko ruwa ya yanke da wuri za a samu abin kaiwa rumbu. Manoman unguwarmu ba wanda ya taɓa shi, kowa ya zuba ido ya ga abin da Malam Garba zai yi. Shi kuwa ya ce ba zai saki irin ubansa ba saboda jita-jita. Ga gidaje cike da yara, ga damina ta zama ba tabbas. Abincin mutane da yawa ya rataya a kan musun mutum ɗaya, mutumin kuma wana ne.

Ana nan sai aka kira taron manoma a Makarfi, aka gayyato wani masanin yanayi daga jami'a a Zariya, Dakta Bello. Na je na zauna a ɓangaren mata, sai na hango Yaya a sahun gaba ya sha babbar riga. Dakta yana gama bayani, Yaya ya miƙe. Ya gaishe shi, ya tambayi iyali, ya tambayi hanya, ya tambayi gajiya, sai da kowa ya ƙosa, sannan ya ce:

"Dakta, tambayata ɗaya ce. Kana sallah?"

Ni dai na rufe fuska da mayafi. Sai na ji Dakta ya yi dariya.

"Ina yi, Malam, Allah ya karɓa mana. Amma kada in yaudare ka. Cikin abokan aikina akwai masu sallah, akwai masu zuwa coci, akwai kuma wanda ya ce shi bai gamsu da komai ba, na sha kwasar gardama da shi a kan haka. A maganar Allah mun saɓa. A kan zafin da kowannenmu ya auna a ƙasarsa ba mu saɓa ba. In kana shakkarmu, kada ka ɗauki tawa. Kana da tsofaffin da ka yarda da addininsu da gaskiyarsu, je ka tambaye su abin da idonsu ya gani."

Na ɗauka Yaya zai hasala. Ina! A hanyar gida sai ga shi ya cim mini, fuska a washe, ya manta ma muna fushi da juna. "Ladi, kin ji mutumin nan? Bai ɓoye aibin mutanensa ba. Wallahi ya iya musu!" Ranar har ƙofar ɗaki ya rako ni yana maimaita amsar.

Abin da ya biyo baya har yau in na tuna sai na yi dariya ni kaɗai. Rani guda Yaya ya yi a kan babur yana neman shaidu. Ya ma kafa sharuɗɗa irin na alƙali: sai wanda ya haura saba'in, wanda ba a san shi da ƙarya ba, wanda kuma ba shi da ɗa ko suruki a cikin malaman gona. A Malikanchi wata tsohuwa ta kai shi bakin wani rafi da suke wanki a cikinsa har tsakiyar rani suna 'yammata, ya tarar yashi ne zalla. A Kurmin Kogi wani tsohon maharbi ya tsayar da shi a fili fetal, rana na dukansu, ya ce nan a da duhuwa ce da mutum ba ya shiga shi kaɗai. Wani dattijon Bafulatani ya gaya masa cewa a da shanunsu a nan suke cin rani, yanzu tun kaka ba ta gama ba suke yin kudu. Akwai kuma wani tsoho a Kudan da ya ce ba abin da ya canja, 'ya'yan zamani ne suka lalace da ƙiwuya. Shi ma Yaya bai jefar da maganarsa ba, ya ce shaida shaida ce.

Duk ƙarshen mako sai ya biyo ta Ikara ya zazzage mini abin da ya samo, yana magana yana buga cinya. Abin da ya fi girgiza shi, mutanen da ba su san juna ba sun haɗu a kan abu ɗaya: ruwa ya daina cika alkawari. Ya zo a makare, ya ɗauke ana tsakiyar buƙata, ko ya zubo na wata guda a yini ɗaya. Duk da haka bai sallama ba. Ya ce gani ya kori ji, ya raba gonarsa ta tudu gida biyu, rabi irin gado, rabi sabon iri.

Shekarar farko kuwa aka yi damina mai albarka, ruwa har bayan an gaji da shi. Irin gado ya yi abin da ya saba, ya bar sabon a baya nesa. Yaya ya aiko mini da masara guda ɗaya mai tsawon kamu, a naɗe cikin tsumma kamar jaririya, da saƙon wai in kai wa masana su auna. Na ji kunya ƙwarai. Maƙwabta suka ce shi ke nan, magana ta mutu. A nan ne ya ba kowa mamaki. Ya ce musu a'a, shi bai taɓa ganin alƙalin da ya yanke hukunci da shaida ɗaya ba, ko da shaidar tasa ce. Ya sake raba gonar.

Shekara ta biyu ruwa ya yanke irin gado yana goyo, ya bushe a tsaye, sabon iri kuwa an riga an karye shi an kai gida. Ta uku suka yi kunnen doki. Ta huɗu sabon ya sake tsere masa. Ranar wata Juma'a bayan an sauko, ya tara ɗalibansa da maƙwabta a zaure, ya aika aka kira ni, na tsaya daga bayan ƙofa. Da kunnena na ji shi yana cewa ya bincika iyakar ƙarfinsa, yanayi ya sauya, ƙanwarsa ta riga shi gani, kuma duk wanda ya ƙi sabon iri saboda shi, ya yafe masa ya je ya karɓa. Ya ƙara da cewa ƙasa amana ce, in hannun mutane ne ya ɓata ta, ba a ɗora wa ƙaddara laifin gatari. Wani ya ce, "Malam, a gaban jama'a ka ba mace gaskiya?" Ya ce durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne, balle wannan wadan ta fi shi tsawo a nan wurin. Ni dai ina bayan ƙofa ina kuka ina dariya.

Kada ku ɗauka daga nan muka daidaita. Har ya koma ga Allah bai yarda da masu cewa ga abin da zai faru nan da shekara hamsin ba, ya ce wannan shiga gaibu ne. Ni kuma ina ce masa kirdado ne, kamar yadda shi ma in ya hango hadari ya haɗo daga gabas yake sa a kwashe shanya. Muna tsakiyar wannan ce-ce-ku-ce ciwo ya kwantar da shi, kwana goma sha ɗaya, ya tafi ya bar ni da amsata a baki.

Nakan tambayi kaina me zai ce da ya ga yau. Manomi na tsaye a kan kunya, wayarsa na gaya masa jibi za a yi ruwa. Na tabbata sai ya sa wayar a gaba mako guda yana kama ta da ƙarya, ranar da ta faɗa daidai kuma ya yaba mata a fili. Injinan ban ruwa masu aiki da hasken rana da suka cika fadamun Kudan, waɗannan kam sai an janye shi daga gindinsu. Ambaliyar da ke kwantar da rake a 'yan shekarun nan za ta sa shi jimami, amma ba za ta ba shi mamaki ba. Abin da na san zai ɓata masa rai shi ne irin musun da samari ke yi a waya: wannan ya ce wa wancan kafiri don ya ambaci kimiyya, wancan ya ce wa wannan jahili don ya ambaci Allah, ba wanda ya taka ƙafa ya je ya duba komai.

To, ga dalilin murnata. Autarsa Hauwa, wadda ya bari tana farkon jami'a, ta gama digiri na biyu a kan ƙasar noma da yanayi. Makon jiya ta zo gaishe ni a Ikara. Muna hira na ce ai ruwa zai yi ta raguwa ne kawai har hamada ta cinye mu, kamar yadda na yi shekara da shekaru ina koya wa ɗalibaina. Sai yarinyar nan ta gyara zama.

"Gwaggo, ki yi haƙuri, wannan karatun ya tsufa. A yankinmu ba ƙarancin ruwa kaɗai ba ne, wani sa'in yawansa a lokaci guda ne yake kashe mu. Bari in nuna miki."

Awa biyu muka yi. Duk inda na ɓullo ta tare, cikin ladabi, ba ta ɗaga murya ba ko sau ɗaya, ta kayar da ni warwas. Da na tambaye ta wani abu da ba ta sani ba, ta ce ba ta sani ba, za ta je ta bincika. Aka kira la'asar ta tashi ta yi alwala, muka idar, ta ɗora daga inda ta tsaya. Rabon da a kayar da ni in ji daɗi haka, shekara bakwai ke nan.

Gonar tudun an raba ta gado, zauren ma an mai da shi shago. In dukiya ake nema, Yaya bai bar abin a zo a gani ba. Abin da ya bari shi ne wannan hali: mutum ya riƙe imaninsa da kyau, ya yi musu da dukan ƙarfinsa, in gaskiya ta bayyana a hannun abokin musu ya miƙe a gaban jama'a ya karɓe ta. Allah ya jiƙan Malam Garba, ya haskaka kabarinsa, ya sa aljanna ce makomarsa.

Hauwa ta ce za ta dawo ranar Asabar mu ƙarasa. Na riga na aro littattafai biyu, na sa an gyara mini tabarau. Wannan karon, in Allah ya yarda, sai ta yi gumi.