Mai Kawo Konfushan

A shekarar da aka raba ƙasar nan jiha goma sha biyu, yaƙi ya tashi, na fara iya haɗa baƙi. Na haura arba'in, ina ɗaurin huhun goro a gidan wani Alhaji a Sabo, unguwar 'yan arewa a can kudu, shi ya ba ni ɗaki. Bayan la'asar nake zuwa ajin manya.

Yaƙi ya janye motoci, goro kuwa ba ya jira. A tasha akwai akawu mai rubuta sunayen fatake da alli a jikin allo, wanda ya riga kawo kaya shi ake fara yi wa lodi. Mu dai kallon allon muke yi kamar zanen tabarma. Kwana shida huhunanmu suna jibge, ganye yana bushewa. Ran na bakwai na tsaya na karanta a hankali, ina bin baƙaƙen da yatsa. Sunan Alhaji da na gani na uku shekaranjiya ya koma na tara.

Ka'idar Sabo ita ce bara ba ya kai ƙara waje. Maigidansa zai gaya wa, manya su sasanta a zaure. Na san haka sarai. Amma bakina ya riga ni.

"Akawu, wa ya sauko da mu?"

"Aboki, yaushe ka zama lauya?" Ya ɗaga murya don wani soja da ke bakin ƙofa ya ji. "Wannan mutum yana kawo konfushan!"

Nan da nan 'yan dako suka dare daga kusa da ni. Sojan ya dube ni, ya dubi allon, ya kau da kai.

Da yamma na tambayi malamin ajinmu kalmar. Ya ce Turawa suna faɗinta idan an ruɗa mutum har ya rasa gabas, ko an cakuɗa abu biyu an kasa bambance su, ko an hargitsa taro. Ya rage murya ya ce a kwanakin nan kuwa, wanda aka liƙa wa ita yana iya kwana a bariki.

Na ce, "To Malam, wanda ya goge layi da wanda ya karanta, wa ya cakuɗa?"

Ya ce in yi ta kaina.

Washegari Alhaji ya kira ni zaure. "Kai ne ɗan boko? Gemu ya fara fari kana zama a benci! Mu baƙi ne a garin nan, ka sani. Ka je ka durƙusa wa akawu, ka ce idonka ne ya gani ba daidai ba. Ajin nan kuma ka bar shi."

"Alhaji, tsallake ka da na yi, na yi laifi, ka yafe ni. Amma na uku ne ya koma na tara. Wata goma na yi kafin idon nan ya iya gani, ba zan ƙaryata shi ba."

Sau uku ya maimaita, sau uku na ba shi haƙuri ban janye ba. Kafin azahar an fitar mini da tabarmata da akwatina. Na ɗauka na kai shagon wani tela a unguwar Mokola, la'asar ta yi na tafi aji.

Abin da ya tafi: ɗaki ɗaya, aikin shekara goma sha ɗaya, huhu huɗu da suka lalace kafin lodi ya zo kansu, da mutum biyu, Alhaji da akawu, da ba su ƙara amsa sallamata ba.