Inna, Ba Ni Murya

A Bukkuyum na girma, a wani gida mai ɗaki uku bayan asibiti, inda aka turo mahaifina aiki daga Zuru tun ina goye. Mu kaɗai ne Kirista a layinmu. Ba wanda ya taɓa tsangwamarmu, naman sallah ma har yawa yake yi mana, amma yaro ya san lokacin da yake baƙo. Da an kira magariba abokan wasana duk sai su watse, ni kuma in dawo gida in tarar da Kaka, mahaifiyar Baba, a bakin murhu tana tura guntun itace cikin wuta da ƙafa.

Yammacin Asabar ya fi kowanne. Bayan an ci tuwo, Baba zai fito da jitarsa. Ba irin wadda ake ratayawa a wuya ba ce. Kwantar da ita ake yi a cinya, a riƙa jan ɗan ƙarfe a kan tsirkiyoyinta shida, ita kuwa ta riƙa kuka kamar mutum. Wani tsohon fasto ne ya bar masa ita. Ƙarfen ya ɓace tun kafin a haife ni, Baba ya maye gurbinsa da ƙaramar kwalbar allura daga wurin aiki, kuma har ya rasu bai nemi wani ba.

Kafin ya taɓa komai sai ya ce, "Inna, ba ni murya."

Kaka ta gyara zama, ta yi tari, ta ɗauko layin farko na waƙar da za a buɗe sujada da ita washegari. Muryarta ƙasa take, mai kauri. Baba ya karkata kai yana murɗa kunnen babbar tsirkiya har ta haɗu da muryar, sannan ya ɗaure sauran biyar daga babbar, yadda in ya shafa su gaba ɗaya za su amsa tare. Shi ke nan, an gama shirin Lahadi. Sai ya mayar da jitar ɗaki, Kaka ta jawo ni jikinta ta ce, "To ga ta nan tahe, a matsa mata wuri." Ni kuma in ce ta zo mu ji ta, ko da yake a lokacin ni kaɗai ce "mu" ɗin.

Akwai wadda take yawan maimaitawa, ta wani makaɗin molo. Wai uwarsa tsohuwa ce mai waƙa a bakin dutsen niƙa, shi kuma kullum da muryarta yake ɗaure molonsa. Saboda haka duk inda ya kaɗa, mutanen gari sai su amsa, tsoho da yaro, har mai mura. Wata rana ya yi tafiya wani babban gari, ya ji makaɗan can suna ɗaure nasu tamau, sautin yana tashi sama kamar na kanari. Kunya ta kama shi. Ya dawo gida ya ja tsirkiyarsa iya ja. Da ya kaɗa a dandali, kowa ya yi tsit don daɗi, aka yaba masa, aka watse. Ba wanda ya buɗe baki, don ba mai maƙogwaron da zai kai can. Haka ya yi ta kiɗi shi kaɗai damina da rani. Ranar da kaɗaici ya ishe shi, ya ce bari ya sassauta ya koma na da, sai ya tarar uwar ta riga ta rasu, shi kuwa ya manta inda muryarta take. Tun daga nan yake bin gidaje yana laɓewa a bayan katanga, ko zai ji mai niƙa da irin muryar.

"Sai me ya faru, Kaka?"

"Ba abin da yaf faru. Shina nan shina nema."

"Haba Kaka, ai ba haka ake ƙare tatsuniya ba!"

"Ke Ladi, ni nis sa shi? Wawa na. Gari cike da tsohi, shi ko shina biɗar wadda tam mutu." Sai ta watsa toka a kan garwashi ta ce ƙurunƙus, in tashi in wanke ƙafa.

Haushin wannan tatsuniya nake ji. Na ɗauka dai ana ja mini kunne ne kada in manta da iyaye, irin wa'azin da manya ba sa gajiya da shi.

Kaka ta rasu ina aji biyu a sakandare. Daga ranar Baba bai sake taɓa kunnen babbar tsirkiya ba, sai dai ya gyara sauran da ita. In ta tsufa za a canja, sai ya fara daidaita wata tsirkiyar da ita tukuna, don kada sautin ya ɓace a hanya. Haka ya koya mini, haka na gada, har da kwalbar allurar. Na san yanzu tsirkiya tana saki da zafi da sanyi, kuma mai yiwuwa sautin ya goce tuntuni ba mu sani ba. Amma a zuciyata muryar Kaka tana nan a ɗaure a jikin itacen nan.

Yau ni malamar firamare ce a Gummi. Ban yi aure ba, ƙannena duk suna Kaduna, kullum suna cewa in tattaro in taho. Majami'armu da can cika take yi har waje. Tun da hanyoyi suka lalace saboda rashin tsaro, iyalai suka yi ta komawa garuruwansu, yanzu benci uku ma ba ma cikawa, kuma yawancinmu tsofaffin mata ne na ƙungiyar zumuntar coci. Ni ce mai kiɗi, ni ce mai share wurin.

Bara aka turo wata ma'aikaciyar jinya daga Jos, Naomi, mai murya kamar me. Na yi murna ƙwarai, don na daɗe ban sami wanda zan yi zancen kiɗi da shi ba. Ranar da ta fara zuwa ɗakina ta ɗora wayarta kusa da jitar, na taɓa babbar tsirkiya, sai wata 'yar allura a fuskar wayar ta yi ta rawa ta kasa tsayawa.

"Anti Ladi, jitar nan ba ta kan komai fa," ta ce tana dariya. "Ba G ba ce, ba F ba ce, tana rataye a tsakani."

Sai ta nuna mini bidiyoyi. A nan na san cewa jitar cinya ba ta da ɗauri ɗaya. Akwai ɗaurin G irin namu, mai sauƙi, akwai na E mai tashi da ƙarfi wanda masu kiɗin coci na ƙasashen waje suke so, akwai kuma wani da ake kira C6, mai zaƙi, kamar zai sa mutum hawaye. Ba zan ɗora wa Naomi laifi ba. Ni ce na ji kunya, shekara da shekaru ina kaɗa abin da ba shi da ko suna. Muka zaɓi na E, ta sa aka kawo mana sababbin tsirkiyoyi daga Jos, na kwance tsofaffin da hannuna, har da babbar, ban ko taɓa ta na ji ta sau ɗaya na ƙarshe ba.

Ran Lahadi jitar ta yi abin da ban taɓa jin ta yi ba. Naomi ta ɗauka, na bi ta, muka tashi sama. Sai a baiti na biyu na lura mu biyu ne kawai muke waƙa. Matan sun fara binmu, muryoyi suka sarƙe, suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, littattafansu a buɗe a hannu. Da aka tashi, Mama Saratu, wadda ta fi kowa tsufa, ta kama hannuna.

"Ɗiyata, kiɗi ya yi daɗi, Allah shi yi albarka. Mun saurara."

Ban taɓa jin yabon da ya yi mini ciwo irin wannan ba.

Sati uku ina zama ni kaɗai da yamma ina murɗa kunnen babbar tsirkiya, in sassauta, in ja, in ce nan ne, gobe in ce a'a. Wayar Naomi ba ta da amfani, don ba ta san Kaka ba. Na rufe ido ina ƙoƙarin jiyo ta, sai in ga murhun, in ga tokar, in ga ƙafarta, amma muryar ta ƙi zuwa. Na yi kuka sosai, ba zan ɓoye ba. A cikin kukan ne maganarta ta faɗo mini, wadda na ɗauka ba'a ce kawai: gari cike da tsohi.

Ran Asabar na naɗe jitar a zane na hau mashin zuwa gidan Mama Saratu. Na tarar da ita tana tsince shinkafa. Na zauna a kan tabarma na ɗora jitar a cinya, na ce, "Inna, ba ni murya."

Ta dube ni, ta ajiye faifai, ta yi tari. Muryarta ba ta Kaka ba ce. Ta fi sirantaka, tana rawa, tana karyewa a ƙarshen layi. Na murɗa har tsirkiyar ta same ta, na ɗaure sauran daga nan. Washegari benci ukun nan suka yi waƙa har da tafi, Naomi ta sauko da tata muryar ta shiga cikinsu.

Muryar Kaka dai ta tafi, kuma ni na sake ta. Abin da na gane a makare shi ne, ba don a adana ta Baba yake neman muryar ba tun farko. Don ita ce za ta zauna a benci washegari, ita da ire-irenta, kuma yana so su iya buɗe baki.

Ɗan Mama Saratu ya ce bayan girbi zai zo ya tafi da ita gida. Ban san wa zan je wa ba bayan ta. Amma duk Asabar ina naɗe jitar a zane, kuma muddin akwai tsohuwa ɗaya da ta rage a benci, ba zan tsaya a bayan katanga ba. Sallama zan yi in shiga.