Gefen Gonar da Inna Ta Yanke

A gidanmu Inna ce mai rediyo, kuma da shi take faɗa. Idan mai labarai ya faɗi abin da bai yi mata ba, sai ta ajiye taɓarya ta ba shi amsa. Wata safiya bayan girbi ya ce ƙasa ta girgiza a can wata duniya bayan teku, gidaje sun rufta kan mutane. Ranar nan Inna ta tashi tsaye. Ta ɗauko tsani, ta shiga rumbu, ta fito da damin irinmu, zangarniyar da Baba ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya don shukar baɗi.

Baba ya miƙe daga tabarma. "Ina za ki da shi?"

"Jaje za ni," in ji ta. "Kowa abinci zai ba su. Wa zai tuna musu da iri?"

Mu Kirista ba mu da yawa a Madarunfa, majami'armu ɗaki ɗaya ce mai rufin kwano. Ran Lahadi na bi ta har gaban fasto, damin yana kanta. Bawan Allah ya danne dariya ya ce mutanen can ko gero ba su sani ba, sai dai a sayar a kasuwar Ɗan Issa a aika musu kuɗin. Inna ta ɓata rai. A ce irin da aka zaɓa ya ƙare a turmin mai fura? Ta juyo da kayanta gida, ina biye, kunya ta ishe ni.

Baba ya ɗauka ya ci nasara, amma bai san matarsa ba. Da ruwan shuka ya sauka, ta taka gefen gonarmu na gabas, inda ƙasa ta fi kyau, ta kafa tsinke. Ta ce daga nan zuwa gawon can na mutanen girgiza ne. Baba ya yi ta mita cewa bakunan gidan nan ma ba su ƙoshi ba, kuma gaskiyarsa. Duk da haka shi ya riƙa nome wurin da kansa, don ba ya iya ganin ciyawa a gona.

Kowace kaka dammunan gefen nan majami'a ake kai su. A sayar, a aika wa ƙasar da rediyo ya ce guguwa ko ruwa ya ci. Sunayen ƙasashen Inna ba ta iya faɗa, amma tana sa su a addu'a yadda bakinta ya kama.

Sai shekarar da Gulbi ya yi ambaliya a ƙarshen damina. Ruwa ya ci gonar, ya kwantar da rumbunmu da ɗan abin da ya rage a ciki. Dammunan bara na Inna kuwa suna nan a majami'a, ba a kai ga sayarwa ba. Fasto ya aiko ta zo ta ɗauka, ai yanzu mu ne abin ya faɗa wa.

Inna ta ƙi. Muna kwana da yunwa, Baba yana kumfar baki, ita kuma ta kafe. "Mutum ba ya tahiya ɗauko jajen kansa," in ji ta. "Abin da na ba Ubangiji ba ni zuwa in amso."

Na ji haushinta ƙwarai a lokacin, yau kuwa na san daidai ta yi. Matan majami'a sun gane nufinta. Kashegari suka jero da dammunan a ka, har da maƙwabciyarmu Musulma ɗauke da ƙwaryar wake. Suka durƙusa a ƙofar gida suka ce, "Sannu da wanga abu, Allah shi kiyaye gaba." Inna ta amsa, ta karɓa da hannu biyu, hawaye na zuba.

Kafin a sussuka ko zangarniya ɗaya, ta zauna ta tsince manyan ta ɗaure daban don iri. Baba ya dube ta, ya tashi neman tsinken da za a kafa a gefen gona.