Kwalbar da Goggo Ba Ta Gasa Ba

Shekara goma sha tara Goggona ta yi tana wanke kwalabe a ɗakin gwaje-gwajen wata jami'a. A can ake haɗa wasu ƙananan ƙwayoyi da ido ba ya gani, amma in an haska musu wata fitila sai ruwan da suke ciki ya yi kore shar. An ce a fuskar talabijin ake son sa su.

Ruwan sinadarin da ake narka kayan haɗin a ciki shi ya ci mata ƙirji. Tari ya ƙi barinta, har likita ya ce ko ta daina shaƙar warin nan ko ta bar aikin. Ita kuwa ba ta san wani aiki ba.

Ana cikin haka Dakta, matar da ke shugabantar ɗakin, ta fara gwada man ɓawon lemu a maimakon ruwan sinadarin. Ɗaki ya ɗauki ƙamshi, tari ya lafa. Goggo ta ce mini, "Kai, har yunwa yake sa ni."

Ranar babban gwaji aka haska fitila, ruwa ya ƙi yin haske. Dogo, ɗalibin da ya yi haɗin, ya tuɓe safar hannu ya yar.

"Dama na faɗa, lemu na sha ne," in ji shi. "Mu koma wa na da."

Goggo tana bakin famfo tana jin su. Ƙa'ida ita ce a gasa kowace kwalba a tanda bayan wanki, domin ɗigon ruwa ɗaya yana kashe ƙwayoyin. Da safen nan Dogo ya azalzale ta, sai ta goge kwalbar da tsumma kawai ta miƙa masa. In ta faɗa, ana iya korarta. In ta yi shiru, tsohon ruwan zai dawo.

Ta goge hannu a jikin rigarta ta matso.

"Ranki ya daɗe, ba laifin lemu ba ne. Ɗan nan yana sauri, ban gasa kwalbar ba."

Dakta ta dube ta, ta dubi Dogo. "Au, kai ka hana Mama aikinta? Wuce ka kunna tandan da kanka, malamin gaggawa."

Da yamma aka sake haɗi. Ana haska fitila, kore ya tashi har ya haska fuskar Dogo. Goggo ta jawo kujera ta zauna, ta ja dogon numfashi, ba ta yi tari ba.

Har yau tana can. Dogo ba ya taɓa kwalba sai ya ce, "Mama, ta gasu?"