Farin Tsiron da Na Tuge da Hannuna

Komai zan iya mantawa a rayuwata, amma ban da safiyar da na durƙusa cikin ruwa ina tuge abincin 'ya'yana da hannuna, wai ni a dole gyara nake yi.

Shekarar da aka sallame mu daga masaƙa ce. Ni da na baro ƙauyenmu na kudancin Kaduna tun ina ƙarami, noma a baki kawai na san shi. Na samu aron 'yar gona a bakin kogi, bayan unguwar Kudenda a garin Kaduna. A tudu na shuka masara, har ta yi ganye uku. A gangare kuma na watsa irin shinkafar da yayata ta aiko min daga gida. Iyakar irin ke nan, babu wani, ga yara huɗu suna jiran abin da gonar za ta bayar.

Kwana biyu da watsawa aka tafka ruwan da ya sa kogi ya haura ya shanye gonar gaba ɗaya. Da ya janye, sai ya bar ruwa kwance har idon sawu, ya ƙi tafiya. Kafin mako ya zagayo masara ta yi rawaya ta kwanta, in ka taɓa saiwarta sai ta narke maka a hannu. Na ce to, ruwan da ya kashe mai ganye, ina ga ƙwayar da ke cikin taɓo?

Na gangara wajen shinkafar. Wani tsami-tsami na tashi, ga wasu fararen abubuwa siri-siri kamar allura sun miƙe a ƙarƙashin ruwa. Na zaro ɗaya. Ƙwayar shinkafa ce a gindinsa, amma ba saiwa, ba ganye, ko ɗigon kore babu. Kaina ya ɗaure. Tsutsa ce? Ruɓewa ce? Na yanke cewa cuta ce, gara in cire kafin ta bi sauran. Na kama tugewa ina zubawa a bokiti, har na ci rabin fadamar.

"Kai, ɗan nan! Me kake yi haka?"

Tsohuwar da gonarta ke maƙwabtaka da tawa ce, 'yar Gbagyi, wadda ta tsufa tana noma a bakin kogin nan.

Na ce, "Mama, cuta nake cirewa."

Ta leƙa bokitin, ta riƙe baki. "Wayyo! Shinkafarka ce ta tsiro, kake kashe ta!"

"Haba Mama, tsiro ba saiwa?"

"Ina ruwanta da saiwa yanzu? Wanda ya nutse, hanci yake fara fitarwa ko ƙafa?"

Shuka kuma da hanci? Wallahi a lokacin na zaci tsufa ne ya fara taɓa ta. Amma na ji tsoron ci gaba, na kuma ji tsoron bari.

Ranar Asabar tsohuwar ta zo da 'yarta, malamar kimiyyar noma a wata sakandare a Narayi. Malamar ta ce kowace ƙwaya numfashi take yi kamar mu. A cikinta akwai wasu 'yan mitsi-mitsin abubuwa, ta kira wani suna, mitokondiriya, wanda sai da ta maimaita min sau uku. Ta ce in ɗauke su kamar murhu: da iska suke ƙona abinci su ba shuka ƙarfi. A ƙarƙashin ruwa iskar ba ta isa, shi ya sa masara ta mutu. Ita kuwa shinkafa ba ta barin murhunta ya rushe. Tana narka garin cikinta ya zama suga, ta tsimar da shi yadda ake tsima burukutu, ɗan ƙarfin da ta samu duka ta zuba shi a wannan farin tsinke har ya huda saman ruwa.

Na ce, "Tsaya, Malama. Wato ni da nake dattijo a coci, giya ake dafawa a gonata?"

Ta yi dariya har da hawaye, ta ce kaɗan-kaɗan dai, kuma da iska ta shiga za ta daina. Gaskiya rabin bayanin nan bai shige ni ba, har yau ma in na zauna ina tunaninsa sai in rikice.

Bayan kwana uku kuwa kawunan suka fito, suka yi kore shar. Gefen da na tuge ya zauna taɓo tsirara. Na cikin bokiti na mayar da su, amma rana ta riga ta dafa su, ko ɗaya bai tashi ba. Abin da muka girbe ya kai mu bikin Ista ya ƙare, sauran watannin da ƙyar muka ga bayansu. In ƙaramar 'yata ta miƙo kwano tana neman ƙari, sai in kau da kai, don na san ba kogi ne ya ci rabonta ba, ni ne.

Tun daga nan na koyi cewa rashin sani ba ya ɓarna sai an haɗa shi da saurin hannu. Abin da ban gane ba, shuka ce ko ɗan Adam, ba na yanke masa hukunci sai na tambayi wanda ya riga ni zama a wurin.