Ranar da Na Kaɗa Bas Ba Takalmi a Ɗan Isa

Ranakun kiɗa da yawa sun gudu daga kaina, amma ban taɓa mantawa da ranar da na kaɗa bas ba takalmi a Ɗan Isa ba. Samarin da ke kiɗa yanzu, masu zuwa shagona in gyara masu ƙafar lasifika, sun sha jin gutsuren labarin a bakin wasu. Gara su ji shi daga wanda wutar ta kama.

Sunana Hamisu. Sana'ata walda ce, a bakin hanyar da ta fita Jibiya zuwa boda. Kiɗa sha'awa ce kawai, ban gaje shi ba, ban kuma ci abinci da shi ba. Ga wanda bai sani ba, bas jita ce mai dogon wuya da wayoyi huɗu masu kauri. Ba ita ke yin zaƙin kiɗa ba. Ita ce wannan gurnanin da mutum ke ji a ƙirjinsa, bai san daga inda yake fitowa ba. Tawa na saye ta hannun wani direban babbar mota da ya taho da ita daga Kwatano. Wuyanta ya ɗan karkace, maɗaurin waya guda ya ɓace, na liƙa mata noti a wurin. Da kaset na koya, a cikin shago, ƙofa a rufe.

Ƙungiyarmu irin wadda mutanen Nijar ke kira orkes ce, kuma tana da matakai kamar kowane wurin aiki. Shugaba shi ne Ilu Dogo, tela, shi ke waƙa, shi ke karɓar gayyata, shi ke faɗa. Sai mai jitar solo, wanda mata ke kallo. Sai mai ganguna. Sai ni. Ƙasa da ni babu kowa sai lasifika. Wannan matsayi ya yi mini daidai, domin ni mutum ne mai tsoron taro.   In an fara wasa, sai in laɓe bayan babbar lasifika, in kafa ido a kan ƙafar mai ganga, ba na motsa komai sai yatsu. Ilu ya kan ce, "Hamisu, ko turmi in ana daka yana ɗan girgiza."

Akwai dalili na biyu da ya sa nake ɓuya. Lokacin da manyana suka je nema mini aure, mahaifin yarinyar ya tambayi sana'ata. Ba zan ambaci sunansa ba, don surukina ne ko da ya rasu. Ɗan kasuwar hatsi ne, mutum mai ƙarancin magana. Aka ce masa walda. Ya ce, "Madalla. Ni dai ban da makaɗi, ban da maroƙi. Duk sauran sana'a sana'a ce." Manyana suka ce ai babu wannan a zuri'armu, kuma gaskiya suka faɗa gwargwadon saninsu. Na san in ya gano, ba zai yi hayaniya ba. Zai aiko ne a kwashe kayan 'yarsa.

Don haka muka yi sharaɗi da Ilu: ba na wasa a ɓangaren Najeriya. In gayyata ta Jibiya ce ko Daddara, ya nemi wani. In ta ƙetare ce, Ɗan Isa ko Maraɗi, ina ciki. Nakan sa bas a buhu kamar kayan aiki. A boda jami'anmu su duba, 'yan duwan, wato kwastan na can, su duba, wani lokaci ɗaya ya ce a taɓa masa ya ji, sannan mu wuce. Lokacin wayar hannu mai ɗaukar hoto ba ta cika gari ba, abin da aka yi a ƙetare a can yake kwana. Mai ɗakina ce kaɗai ta sani.

Sai dokar takalmi, wadda ita ce babbar dokar aikinmu. Na'urar ƙara sautinmu tsohuwa ce, an yi mata gyara a kan gyara, kuma janareton da ake ba mu a wurin biki kowane iri ne. Wuta takan zurara ta bi wayoyin jita. In kana sanye da takalmin roba mai kaurin ƙasa, ba za ka ji komai ba sai ɗan tsikari. In ƙafarka ta taɓa ƙasa, kai ne hanyar da wutar za ta bi. Ni mai walda ne, na fi kowa sanin haka, ni ne ma nake tsawata wa sauran.

Wata Asabar da damina aka gayyace mu bikin ɗan wani attajiri a Ɗan Isa. Da na yi hankali da na tambayi sana'ar attajirin. Ban tambaya ba. An yi ruwa da safe, fili ya yi laka, sai masu biki suka jawo babbar mota, aka sauke gefenta guda, aka ce bayanta ne dandamalinmu. Daɓen ƙarfe ne, kuma bai bushe ba. Na duba takalman kowa. Bayan la'asar muka fara.

Muna cikin waƙa ta biyu na leƙo ta gefen lasifika, abin da ban saba yi ba. Sai na ga mai biki da kansa yana jagorantar wani dattijo zuwa kujerun gaba. Na gane tafiyar kafin in ga fuskar. Attajirin ashe ɗan kasuwar hatsi ne. Surukina ya zauna, ya gyara rigarsa, ya ɗaga kai. Tsakanina da shi bai fi tsawon tabarma biyu ba.

Kowa ya san abin da ke kan mutum a gaban surukinsa. Ba ka tsayawa yana zaune. Ba ka zuwa gabansa da takalmi. Ni kuwa ga ni tsaye bisa mota, sama da hularsa, da takalmi, rataye da abin da ya ce ba ya son gani a zuri'arsa. Hanyar sauka ɗaya ce, ta gabansa. Ban tsaya yin shawara ba, jikina ne ya yanke hukunci. Na tuɓe takalmin, na tsuguna.

Da yatsana ya koma kan waya, na ji kamar an fizge ni daga gwiwar hannu zuwa ƙeya. Na saki. Nan take kiɗa ya yi rami, domin bas ba a san tana nan ba sai ta yi shiru. Mai ganga ya waiwayo, mutanen gaba suka fara neman inda matsalar take. Na ga in na daina, duk idon filin zai dawo kaina. Na koma na ci gaba. Kowace taɓawa da fizgarta. Kafaɗa ta zabura, kai ya kaɗa, duwawu ya ɗaga daga kan dunduniya ya koma. Kuma tun da a kan kiɗa nake taɓa wayar, a kan kiɗa nake zabura.

Ilu ya matso a tsakanin baiti, ya kauda abin magana daga bakinsa.

"Mi ya same ka? Ina takalminka?"

"Surukina ne a gaba. Mai farar hula."

Ya duba, ya dawo da kallonsa kaina. "To ai ka yi dabara. In wutar ta kashe ka, ga mai yi maka salla a kusa."

"Ka ci gaba da waƙarka, Ilu."

"Shekara nawa ina roƙonka ka motsa. Ashe dattijo ya kamata in riƙa gayyata."

Abin da na ji tsoro shi ya faru ta wata hanya. Mutane suka ɗauka sabuwar rawa ce. Mata suka fara guɗa. Wasu samari suka tsuguna a cikin laka suna kwaikwayo. Ni da na yi shekaru ba wanda ya san da ni a dandamali, ranar nan ba a kallon mai solo. Wani mai ƙiba ya hau motar da silifas jiƙaƙƙe don ya yi mini liƙi. Da ya manna takardar a goshina ya janye hannu kamar ya taɓa tukunya, ya ce, "Yaron ga kuran gare shi." Kuran shi ne wutar lantarki a bakin mutanen can. Ya sauka yana yarfe hannu, ya bi ta gaban kujerun manya yana maimaitawa.

Da waƙar ta ƙare na ga surukina ya ɗaga yatsa ya kira Ilu. Ilu ya sauka ya durƙusa a gabansa. An tsayar da kiɗa, babu ƙara sai ta janareto, kuma dattijon bai rage murya ba. Ina tsugune ina jin ƙaurin yatsuna, ina tunanin amalanken da zai zo ɗaukar gadon mai ɗakina.

Ya ce, "Wancan na baya, ina kuka samo shi?"

Ilu ya yi tari. "Daga nesa, Alhaji."

"Haka na gani. Ban san shi ba, ban taɓa ganinsa ba. Ka faɗa masa garin nan ba a tuɓe wa kowa takalmi a kan ƙarfe. Ya sa abinsa, ya miƙe ya yi aikin da ya kawo shi. Wataƙila yana da iyali."

Ilu ya hawo ya tsaya a kaina. "Ka ji saƙo, baƙo."

Na sa takalmi, na miƙe. Surukina ya karkata kujerarsa ya shiga hira da na kusa da shi, bai sake duban motar ba. Jim kaɗan ya yi sallama da mai biki ya tafi. Sauran wasan ban taɓa kaɗa bas marar daɗi kamarsa ba, yatsuna sun yi bororo. Samarin nan suka yi ta kiran a maimaita rawar. Har mai biki ya aiko ya tambaya ko an ɓata wa mai bas rai ne.

A gida na faɗa wa mai ɗakina komai. Ta shafa mini man shanu a yatsu. Sannan ta ce, "Juma'a dai sai ka je gaisuwa, yadda ka saba." Kwanakin da suka biyo baya duk wanda ya yi sallama a ƙofar shago sai in leƙa in ga ko ɗan aiken surukina ne. Ba a aiko kowa ba.

Ran Juma'a bayan masallaci na je. Na tuɓe takalmi a bakin zaure, na tsuguna nesa da tabarmarsa, na ɓoye hannuna cikin riga.

"Baba, barka da Juma'a."

"Barka kadai, Hamisu. Ya iyali? Ya walda?"

"Lafiya lau, Baba."

Ya ja carbi kaɗan. "An ce an sha ruwa a Ɗan Isa."

"Haka na ji, Baba."

"To, Allah ya sa mai albarka ne."

Iyakar maganar ke nan, kuma ba mu ƙara wata a kanta ba har ya bar duniya.

Na ci gaba da wasa a ƙetare na tsawon shekaru bayan haka. Kafin mu karɓi gayyata nakan sa Ilu ya binciki sana'ar mai biki, kuma ko a gidajen 'yan hatsi da muka kasa kauce wa ban sake haɗuwa da surukina ba. Na ɗauka sa'ata ce. Har nakan yi wa Ilu alfahari cewa na iya ɓuya.

A zaman makokin surukina ne Malam Tukur, wanda ya daɗe yana tuƙa shi, ya zauna kusa da ni ya warware mini. Ya ce tun daga wannan damina, duk lokacin da aka kawo wa Alhaji goron biki daga ƙetare, sai ya aike shi ya tambayo wace orkes ce za ta yi wasa. In aka ce ta Ilu Dogo ce, sai Alhaji ya ce ciwon ƙafarsa ya motsa, ya aika da gudummawa. Abokan kasuwancinsa na can wasu sun yi fushi, akwai amininsa da ya aurar da 'ya'ya bai gan shi ko sau ɗaya ba, ya daina yi masa magana. Malam Tukur ya ce shi bai taɓa sanin dalili ba, yana tambayata ne ko na sani. Na ce masa Alhaji dama yana fama da ƙafa.

Wannan ne abin da ke damuna har yau. Mutumin ya rasa bukukuwan aminansa don wani mai walda ya sami wurin kaɗa jitar da bai ma ƙware a kanta ba, ni kuwa ina zuwa kowace Juma'a ina tsugunawa, ban taɓa neman hanyar da zan nuna masa na gode ba. Da na ajiye bas ɗin ko na shekara guda, da ya je ya ci shinkafar mutane.

Ku da kuke aikin yanzu, kayanku sun fi namu, amma janareton aro bai canza hali ba. Ku duba waya, ku duba daɓe, kada wanda ya hau dandamali ba takalmi ko waye ke zaune a gaba. Kuma mai bas ya daina ganin don yana bayan lasifika ba a san da shi ba. In ka daɗe kana ɓuya ba a kama ka ba, ka bincika. Sau da yawa akwai wanda yake wahalar kauda kai.